Ajin Malama Habsu Bayan Gubar Dalma

Malama Habsu ba ta taɓa neman shugabanci ba. Lokacin da ta gama kwalejin horon malamai, abin da ta roƙi Allah shi ne a ba ta ɗaki mai ƙofa da taga, ta koyar da yara zuwa azahar, ta koma gida ta ɗora tukunya. 'Yar Anka ce, mahaifinta tela ne a bakin kasuwa. Aure ne ya kai ta Tungar Maharazu, wani ƙauye a ƙasar Bukkuyum da bai fi tafiyar rabin awa a babur daga Yargalma ba. Mijinta Lirwanu manomi ne, haifaffen garin.

Makarantar firamaren ƙauyen tana da azuzuwa shida, malamai biyar, dukkansu maza. Ranar da ta kai takardarta, hedimasta Malam Jibo, wani dogon mutumin Gummi mai sanyin magana, ya karanta ya ninke, ya ce, "Kin zo daidai, Malama. Aji ɗaya ba mai son shi." Ta karɓa. Ta yi shekaru tana share majina, tana raba faɗa a kan alli, tana koya wa yara riƙon fensir. A taron malamai can baya take zama, in an tambaye ta ra'ayinta sai ta ce duk abin da aka yanke ya yi.

Sai zinari ya bayyana a dazukan yankin. Maza suka jingine fartanya suka shiga rami, baƙi suka cika ƙauyuka daga jihohi na nesa. Lirwanu ma ya shiga. Yakan kawo buhunan dutse gida, mata su daka a turmi, a niƙa, a wanke a nemi ƙwayar zinarin. Habsu ta daka da hannunta, da yamma in ta taso daga makaranta, da goyo a bayanta, ƙura na tashi tana sauka a kan tabarma da kwanukan abinci. Babu wanda ya san akwai dalma a cikin dutsen.

A shekarar 2010 yara suka fara amai da shiɗewa. Cikin 'yan makonni maƙabartar garin ta cika da ƙananan kaburbura. Haris, ɗanta na fari mai shekara uku, ya cika a kan babur a hanyar asibiti, yana tsakanin ita da ubansa. Asma, goyon da ke bayanta lokacin daka, tana da wata tara. Likitoci suka zo daga nesa suka gwada jinin yara suka ba da magani, ma'aikata suka kankare ƙasar tsakar gidaje suka zuba sabuwa. Asma ta rayu. Wata likita ta gaya wa Habsu ta bakin tafinta cewa maganin yana fitar da gubar daga jini, amma abin da ta riga ta taɓa a ƙwaƙwalwa ba lallai ya dawo ba. Habsu ta ji, ta gyaɗa kai, ta koma aji bayan sati biyu. Turmin kuwa ta sa Lirwanu ya faskara shi.

Bayan shekara biyar, yaran da suka tsira suka isa shiga makaranta, suka faɗo ajinta, har da Asma. Cikin yara arba'in da bakwai, wajen ashirin 'ya'yan shekarar gubar ne. Tun makon farko ta gane ba irin yaran da ta saba da su ba ne. Za ta koya musu harafi da safe su maimaita da ƙarfi, bayan tara ta tambaya sai su zuba mata ido kamar ba su taɓa ganinsa ba. Wasu ba sa jin magana sai an tsaya a gabansu. Wasu ba sa iya zama wuri ɗaya. Wani yaro in ya kasa abu sai ya kama dukan kansa da allo.

Ta yi wata biyu tana koyarwa yadda aka koya mata a kwaleji, ba abin da ya shiga. Wata rana ta tambayi Asma harafin da suka kwana uku a kai, yarinyar ta kasa, Habsu ta ɗaga hannu za ta mare ta. Asma ba ta kauce ba, ta dai rufe ido. Hannun ya tsaya a sama. Habsu ta fita bayan aji ta jingina da bango har numfashinta ya daidaita.

Daga ranar ta ajiye tsarin darasin da ke cikin littafi. Ta dawo da masu nauyin ji layin gaba, tana musu magana suna kallon bakinta. Ta gutsuttsura darasi, minti goma a zaune, sai a miƙe a yi tafi, a sake zama. Ta tara 'ya'yan tsamiya a gwangwanaye don lissafi, ta fere karan dawa tana haɗa haruffa a ƙasa, yara na bin su da yatsa. Harafi guda yakan ci mako. Ba wanda ya koya mata wannan, gwadawa take yi, abin da ya ƙi ta watsar. Da shekara ta ƙare, yawancinsu suna rubuta sunansu, suna ƙirga zuwa ashirin. A wani aji wannan ba abin faɗa ba ne. Ita kuwa ta san abin da ya ci mata.

Wahalar ta taso ne da suka wuce aji biyu, wajen Malam Hudu. Shi ne dattijon makarantar, ya koyar da Lirwanu, ya koyar da rabin magidantan garin, kuma bai yarda akwai daƙiƙancin da tsumagiya ba ta magani ba. Ta bango Habsu take jin kukan yaranta. Kafin zango ya raba, takwas sun daina zuwa. Asma kullum da safe sai ta ce cikinta na ciwo.

Habsu ta sami hedimasta a ofis. Malam Jibo ya saurare ta har ta gama, ya shafa gemu.

"Gaskiya kika hwaɗi, Malama. Amma Malam Hudu ya girme ni da shekara goma sha biyu. In na kira shi nan ofis bisa wagga magana, gobe gari duka za a ce na ci mutuncin dattijo."

"To wa za ya yi mai magana, ranka shi daɗe?"

"Ke kika san yaran ga. Ki gwada."

Ta fito ranta a ɓace. Ba ta da muƙami, ba ta da shekaru, ga ta mace, matar ɗalibinsa. Ta yi kwana huɗu tana juya abin. A rana ta biyar ta tarar da Malam Hudu a gindin dogonyaron makaranta yana gyaran kekensa, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba Malam, alfarma nika nema. Ina son ka shigo ajina ka zauna ka ga yadda nika yi. In akwai inda nika kuskure ka gyara min. Ba ni da wanda ya hi ka."

Ya dube ta ta saman tabarau. Ya san akwai wata a ƙasa, amma roƙon ba irin wanda dattijo zai ƙi ba ne. Washegari ya shigo, ya zauna a benci na baya ya harɗe hannuwa. Ta ɗauko wata yarinya cikin waɗanda suka maimaita aji, mai suna Binta, wadda kowa ya sani ba ta magana. Ta tsuguna a gabanta, ta zuba 'ya'yan tsamiya bakwai, ta ce ta cire uku. Yarinyar ta daɗe. Habsu ta jira ta. Can Binta ta ture uku gefe, ta ƙirga saura da yatsa, ta ce, "Huɗu," da wata 'yar siririyar murya.

Da aka tashi, Malam Hudu ya ce rubutunta a allo yana karkata, kuma tana barin yara suna yawan tashi. Ya nufi ƙofa. Ta yi masa godiya, ta koma gida tana jin ta zubar da girmanta a banza.

Bayan mako biyu sai ga shi a ƙofar ajinta, bai shigo ba. Ya ce, "Ɗiyata, waɗanga 'ya'yan tsamiya, kina da saura?" Ta ba shi gwangwani biyu. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba har ya yi ritaya, kuma tsumagiyar ba ta bar teburinsa ba, sai dai ta koma abin nuna allo. Biyar cikin yaran da suka gudu suka dawo. Uku ba su dawo ba, iyayensu sun riga sun tura su kiwo.

Daga nan abin ya fara fin ƙarfinta. Malamin aji uku, Malam Sufyanu, saurayi mai zafin kai da bai daɗe da fara aiki ba, ya ce shi ma a nuna masa kafin yaran su iso shi. Sai suka soma zama ranar Alhamis bayan an tashi, rabin awa a gindin dogonyaro, kowa ya kawo yaron da ya gagare shi a tattauna. Malam Jibo yakan zo ya zauna, amma in an yi tambaya kowa Habsu yake kallo. Labari ya kai ƙauyukan da su ma gubar ta taɓa. Malamai suka fara zuwa a babur daga wajen Yargalma, har wani ya taso tun daga Tungar Daji a ƙasar Anka, ya ce shi ma ajinsa haka yake, ya ɗauka shi ne bai iya koyarwa ba. Aka mai da zaman ranar Asabar, sau ɗaya a wata.

An taɓa kiranta bita a Gummi, aka ce ta yi bayani a gaban malamai fiye da ɗari. Ta rubuta jawabi shafi uku, da ta miƙe ta buɗe takardar sai ta kasa karantawa. Sai ta ajiye ta, ta kwance bakin gyalenta ta zazzage 'ya'yan tsamiya a kan tebur, ta ce wani ya fito ya zama yaro. Aka yi dariya, wani mai furfura ya fito. Da ta gama, mutane suka kewaye ta da tambayoyi har motar da za ta mai da ita ta kusa tafiya ta bar ta. A hanya ba murna ta ji ba, ciwon kai ta ji, da tunanin wankin da ta bari a jiƙe.

Lirwanu bai hana ta ba, amma bai ji daɗi ba. Tun rasuwar Haris ya bar rami ya koma gona, ya zama mutum mai ƙarancin magana. Wata Asabar da ta dawo da la'asar ya ce, "Ke hedimasta ta ko mi? Aikin kowa ke ka yi, sunan wani na bisa ƙohwar ofis." Ta ce ita ma ba ta san ko ita mece ce ba. Ta cire takalmi ta shiga madafa.

Sunan hedimastan ya zo mata, amma ta hanyar da ba wanda ya so. 'Yan bindiga suka matsa wa yankin. Hanyoyi suka zama sai an tambaya kafin a bi. Wata Litinin aka tare motar da Malam Jibo ke ciki yana dawowa daga Gummi, aka shiga da su daji, ya yi kwana goma sha tara kafin ya fito. Ya zo sau ɗaya ya kwashe littattafansa, ya rame har rigarsa na yawo a jikinsa. Ya miƙa wa Habsu makullan ofis da rajista, ya ce, "Ki yahe min, Malama. Ƙahwata ba ta iya biyo wagga hanya kuma." Ba ta ga laifinsa ba. Sannan aka rufe makarantu na tsawon watanni. Da aka buɗe, malamai biyu 'yan wasu garuruwa ba su dawo ba, Malam Hudu ya yi ritaya. Saura ita da Malam Sufyanu, da yara sittin cikin ɗari biyu da wani abu. Takarda ta zo cewa ita ce shugabar riƙon ƙwarya.

Shekarar nan ita ta tsofar da ita. Ta haɗa aji ɗaya zuwa uku a ɗaki guda ta riƙe, Sufyanu ya riƙe na sama. Da yamma ta bi gida-gida tana neman yara. Wasu iyalan sun yi ƙaura zuwa Anka ko Bukkuyum, gidajen a rufe. Wasu yaran sun koma wankin dutse a bakin rafi, domin gonakin nesa ba sa nomuwa. Wani magidanci mai suna Tasi'u ya tsaya a ƙofar gidansa ya ce mata, "Malama, in sun zaka sun kwashe su a makaranta, ke za ki biyo su daji?" Ta ce abin da ta sani shi ne ɗansa ya fara haɗa baƙi kafin a rufe, kuma in ya ƙara shekara a gida zai manta. Bai turo shi ba a wannan zangon. Ya turo shi a na gaba.

Ta koyi zama a gaban maigari da dattawa ta faɗi buƙatar makaranta ba tare da ta sunkuyar da kai har magana ta maƙale ba. Da iska ta yaye kwanon aji huɗu, ita ta tara matasa aka mai da shi. Ta koyi rubuta rahoto, ta koyi jiran jami'i a benci tun hantsi har azahar. Ta roƙi Malam Hudu ya dawo yana taimakawa kwana uku a mako, ya dawo yana mita, yana cewa yaran yanzu ba su da ladabi. Ƙafafunta suka fara kumbura. A asibiti aka ce hawan jini ne, ta rage tunani. Ta yi dariya a gaban ma'aikaciyar.

A shekara ta biyu aka turo sababbin malamai biyu. Ɗaya mace ce, Malama Zulai, 'yar Adabka, ba ta fi ashirin da huɗu ba. Dole Habsu ta saki aji ɗaya, bayan shekara kusan ashirin tana riƙe da shi, domin aikin ofis ya hana ta zama. Ta damƙa wa Zulai gwangwanayen da karan dawa, ta yi mata bayani dalla-dalla. Amma Zulai tana da nata salon. Waƙa take sa wa komai, haruffa, lambobi, kwanakin mako, ajin kullum kamar gidan biki. Habsu na zaune a ofis tana jin hayaniyar, biro ya ƙi tafiya a hannunta.

Wata Talata ta kasa daurewa. Ta shiga ajin ba sallama, ta karɓi alli daga hannun Zulai a gaban yara, ta ce, "Ba haka aka yi ba." Ta koyar da darasin har ƙarshe. Zulai ta tsaya a jikin bango. Washegari ba ta zo ba, jibi ma haka.

Malam Sufyanu ne ya shigo ofis ya rufe ƙofa. Zafin kansa ya ragu da shekaru, amma bakinsa na nan.

"Malama, in na yi magana ba ki jin haushi?"

"Hwaɗi."

"Kin kunyata yarinyar ga. Kuma na leƙa ajinta satin da ya wuce, yaranta sun riƙe haruffa goma sha ɗaya. Da waƙar. Ba 'yan shekarar dalma ba na, Malama, waɗancan sun gama. Waɗanga lahiyarsu lau, tsoro dai ya yi musu yawa. Bari su yi waƙa."

Habsu ta ajiye biro. Gaskiya ne, 'yan shekarar dalma sun gama. Wasu sun wuce zuwa sakandare, da yawa ba su wuce ba. Asma ta maimaita aji sau biyu kafin ta kammala, tana karatu a hankali da yatsa a kan layi, yanzu tana Anka wajen kakanta tana koyon keken ɗinki, kuma an ce hannunta na da kyau. Habsu ta ci gaba da koyar da waɗancan yaran a ranta alhali sun daɗe da barin bencin.

Da yamma ta yafa gyale ta tafi gidan da Zulai ta sauka. Ta tarar da ita tana tsince shinkafa, idanunta sun kumbura. Zulai ta yunƙura za ta durƙusa, Habsu ta riƙe kafaɗarta ta zauna kusa da ita a tabarma.

"Ni na yi laihi, ƙanwata. Ajinki na. Ba ni ƙara shiga sai kin kira ni."

"Inna Malama, in ban iya ba ki gaya min, sai in koma gida."

"Kin iya. Ni ce ban iya zama ofis ba."

Zulai ta dawo ranar Litinin. Habsu ta cika alkawari, ko da yake sau da yawa takan tashi ta kai rabin baranda sannan ta tuna ta juyo. A zaman Asabar na watan, ta sa Zulai ta koya wa malaman ƙauyuka waƙar haruffa, ita ta zauna a gefe tana tafi tare da su. Watan da ya biyo baya ta ce Sufyanu ya jagoranci zaman gaba ɗaya. Ya yi surutu fiye da kima, amma an ƙaru.

Bana ta cika shekara arba'in da takwas. Har yanzu takardarta riƙon ƙwarya take cewa. Yara sun kai ɗari da saba'in, malamai huɗu da Malam Hudu na biyar in ƙafarsa ta bar shi. A farkon damina ta zauna ta rubuta wasiƙa zuwa ofishin ilimi, ta ce ta gaji, lafiyarta ba ta da ƙarfi, tana roƙon a naɗa Malam Sufyanu shugaba, ita a mai da ita malamar aji, kowane aji ne. Sufyanu da kansa ya kai wasiƙar, yana ta gunaguni cewa so take ta ɗora masa dutse.

Amsa ta zo bayan mako shida. An amince Sufyanu ya karɓi makaranta daga zango mai zuwa. Ita kuma, ganin ƙwarewarta, an ɗora mata kula da malaman makarantu bakwai na yankin, za ta riƙa zagayawa tana zama a azuzuwansu tana ba su shawara. Za a fara da wajen Adabka.

Ta karanta sau biyu. Ta cire tabarau ta yi dariya har hawaye suka zubo, Zulai ta leƙo daga ajinta ta ga ko lafiya. Habsu ta share ido da bakin gyale, ta ninke takardar ta sa a jaka.

Ta ce wa Sufyanu, "Ka gaya ma Makau mai babur shi zaka da wuri ran Asabar, mu tahi in ga wurin tun kahin a hwara. Kuma shi ɗaura min matashi a baya. Ƙuguna ba ya shiri da hanyar Adabka."